Likita ya ce da wuya ya tashi, ya shiga gaibu ne?

Jama'ar Sabo, akwai tambayar da ke yawan tasowa a zaure bayan Isha'i. An kai wanda ya sha maganin ƙwari asibiti, likita ya duba ya ce wa dangi da wuya ya tashi. To bai taɓa hurumin Ubangiji ba? Wasu har fushi suke yi su ɗauke mara lafiyarsu.

Mu a ganinmu ba gaibu ba ne. Ajali na Allah ne, wannan ba jayayya. Amma dillalin shanu kan dubi saniya a mota ya ce wannan ba za ta kai Legas ba, kuma ba wanda ya taɓa ce masa boka. Alamu ya karanta. Haka likita: wane magani ne, tun yaushe aka sha, hankalin mutum na jikinsa ko ya gushe, yaya numfashi da bugun zuciya. Ya haɗa da abin da aka gani a kan marasa lafiya da yawa kafin wannan, ya faɗi abin da ya fi rinjaye. Yakan dace, yakan kuskure.

Inda mu ke ruɗewa shi ne idonmu yana karanta abin a juye. Wanda ya sha fiya-fiya ko Sniper, za ka gan shi miyau na dalala, gumi sharkaf, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji na kurari. Sai mata su fara salati. Alhali shi wannan akwai allurarsa, atirofin, kuma in an kai shi da wuri aka taimaki numfashinsa, da yawa suna tashi. Shi kuwa wanda ya sha farakwat, maganin ciyawan nan irin Gramoxone, yana iya zama yana hira da kai, ciwon baki kawai yake kuka da shi, guba kuwa tana cin ƙoda da huhu a hankali, kuma ba ta da makari. Nan ne dangi ke cewa likita ya cika baki.

To a faɗa wa irin wannan gaskiya ko a ɓoye? Mu dai mun karkata ga a faɗa, cikin taushin harshe, ba tare da an daina magani ba. Mutum ne da hankalinsa, wataƙila kwanaki suka rage masa. Akwai bashi, akwai amanar mutane a shago, akwai wasiyya, akwai wanda zai nemi gafararsa. In da gangan ya sha, ƙofar tuba ba ta rufe ba, kuma ba lokacin gori ba ne. Ɓoyewa kan kwashe masa duk wannan.

Sannan hasashen likita da bakinmu yake farawa. In kunya ta sa muka ce ai ɗan kaɗan ne, ko muka ɓoye kwalbar, mun ɓata masa lissafi. A tafi da kwalbar, a faɗi lokacin. Manja da madarar da ake ɗura wa mutum don ya yi amai kuwa, a bari don Allah, huhu suke faɗawa.

Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni barkatai. Amma har yau a layinmu akwai mai zuba fiya-fiya a robar lemo, ba suna ba komai a jiki. In yaro ya ɗauka ya sha, likita ya tambayi me ya sha, me za mu nuna masa?