Haƙƙin Ɗan Gari da Haƙƙin Baƙo a Ƙofar Ilmi

Daga cikin mas'alolin da suka cancanci a yi musu nazari na tsanaki a wannan zamani, akwai ta ɗalibin da ya ƙare lise, wato sakandare, a Tasawa ko Mayahi a nan Nijar, ya ci jarrabawar bak ta kammala ta, sa'an nan ya nemi gurbi a jami'ar gwamnati wadda ba ta wurin haihuwarsa ba. Domin kuwa da zarar ya miƙa takardunsa, tun ba a tambaye shi abin da ya sani ba, sai an fara tambayarsa ɗan ina ne shi. In an karɓe shi, dangi su ce rabo ne. In an mayar da shi, su ce ba rabonsa ba ne, a yi masa nasiha da haƙuri. Abin tambaya shi ne ko kalmar rabo ta isa jawabi, ko kuwa akwai hisabi a wuyan waɗanda suka tsara ƙa'idar.

Wajibi ne a fara sanin yadda al'amarin yake. A Nijeriya, inda da yawa daga matasanmu ke fuskanta saboda kusanci da tarayyar harshe, hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga jami'a, kuma jami'o'in tarayya, irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka ƙiyasta an bar su baya a ilmin boko. Jami'o'in jihohi kuwa sun fi ƙarfafa takardar shaidar asali, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa, kuma galibi kuɗin da ake ɗora wa wanda ba ɗan jiha ba ya ɗara na ɗan jiha. Amma ɗan Tasawa ko a cikin wannan kasafi ba ya nan, domin hukuncinsa hukuncin ɗan ƙasar waje ne, wanda sai an auna shaidarsa ta Faransanci da ma'aunin ta Ingilishi.

Wanda ya san tarihin wannan yanki ba zai rasa jin nauyin haka ba, gama Tasawa tun asali ƙasar Katsina ce, kuma bayan da jihadi ya ci birnin Katsina a 1807, arewa zuriyar sarakunan Haɓe suka yi, har aka kafa Maraɗi, wadda sarkinta har yau Sarkin Katsina ake ce masa. Iyakar da ta mai da mutumin Korgom ko na Hawandawaki baƙo a garin kawunsa, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta da yarjejeniyoyinsu, tun daga ta 1890 har zuwa ta 1906, ba tare da shawarar ko ɗaya daga cikin masu ƙasar ba.

Duk da haka, adalci ya hana mu yi watsi da hujjar masu fifita ɗan gari, domin hujja ce mai tushe. Suna cewa jami'a da harajin talakawan wurin aka gina ta, gurabe kaɗan ne, masu nema ba su ƙidayuwa, kuma da an bar cancanta ita kaɗai ta yi hukunci, da 'ya'yan waɗanda boko ya riga ya isa gare su da shekaru masu yawa sun cika azuzuwa, 'ya'yan masu ƙasa suna tsaye a waje. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Shari'a ma ta san wannan asali, domin a mazhabar Imamu Malik ana raba zakka ne a inda ta wajaba ko kusa da nan, saboda idon matalautan wurin ya riga ya rataya a kan dukiyar. Saboda haka fifita makusanci ba zalunci ba ne a zatinsa.

Sai dai fuƙaha'un da suka kafa wannan asali ba su bar shi ba tare da ƙaidi ba, kuma ƙaidin nan shi ne abin da ƙa'idojin zamani suka manta. Na farko, sun halatta a ɗauki zakka a kai ta nesa matuƙar na nesan sun fi tsananin buƙata, wanda ke nuna cewa illar hukuncin buƙata ce. Na biyu, cikin sinfofi takwas da Suratut Tauba ta ambata akwai ibnus sabil, matafiyin da guzuri ya yanke masa, wanda ake ba shi ko da mawadaci ne a garinsu. Wato baƙunta ita kanta sababin haƙƙi ce. Na uku, wanda ya fi su ƙarfi a wannan babi, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya fita daga hukuncin ƙasaru, ya cika sallarsa kamar kowane mazauni. To, idan niyyar kwana huɗu ta isa ta mai da mutum mazauni a gaban Ubangiji, da wace hujja za a ce yaron da aka haifa a Kano, ya yi allo da boko a Kano, ubansa ya tsufa yana biyan haraji a kasuwar Kano, har yanzu baƙo ne, don kawai kakansa daga Kanembakashe ko Maijirgi ya taso? Inda aka haifi kakan mutum ba kasabinsa ba ne, ba ya cikin abin da ya zaɓa balle a saka masa ko a hukunta shi a kansa.

Magabatanmu kuwa da tafiya suka samu ilmi, da karɓar baƙo suka yaɗa shi. Shaihu Magili daga ƙasar Tilimsan ya zo, Kano da Katsina suka buɗe masa ƙofa a ƙarshen ƙarni na 15. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har Agadas ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Muhammadu al-Kashnawi, masanin hisabi da falaki, a Alƙahira ya yi talifi ya rasu a 1741, nisbarsa ta Katsina tana manne da sunansa a matsayin ado, kuma masallacin Azhar ya keɓe ruwaƙai, wato masaukai, ga ɗalibai 'yan ƙasashe dabam-dabam, har da na Barno, inda ake tambayar asalin ɗalibi don a san inda za a sauke shi da abin da za a ciyar da shi. Tambayar ita ce dai ta yau, maƙasudinta ne ya juya.

A nan ne ya kamata a gyara fahimtarmu game da rabo. Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne wanda imanin bawa ba ya inganta sai da shi, kuma shi ne ke tsare zuciyar ɗalibin da aka mayar daga yanke ƙauna, ya sake shiri ya ƙwanƙwasa wata ƙofa. Amma ƙaddara ta'aziyya ce ga wanda abin ya sama, ba ta zama uzuri ga wanda ya aikata. Da ta zama, da babu azzalumin da za a tuhuma. Sayyidina Umar, lokacin da ya ji labarin annoba a Sham, ya juya da jama'arsa, bai ga saɓani tsakanin wannan dabara da sallamawa ga hukuncin Allah ba. Kaso 45 da 35 da 20 ijtihadin mutane ne, an yi shi don maslaha, kuma abin da aka yi don maslaha ana sake auna shi duk sa'ad da maslahar ta sauya.

Ba ya halatta kuma mu nemi wannan adalci a ƙetare mu hana shi a gida. Tun da aka kafa jami'ar Yamai a farkon shekarun 1970, wadda yanzu ake kira Abdou Moumouni, da jami'ar Musulunci ta Say da ta buɗe a 1986 don ɗaliban ƙasashen Afirka ta Yamma, har zuwa 2010 da aka samu jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, mu ma mun zama masu masauki, kuma ɗan Difa ko ɗan Dosso da ya zo jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi amana ne a hannunmu. Tun kafin jami'a ma, yaron ƙauyen Gulbin Kaba da ya ci jarrabawar shiga kwaleji, makomar karatunsa sau da yawa tana rataye ne a kan ko zai sami gidan da zai riƙe shi a Mayahi ko Tasawa. Wanda ya rasa mai riƙo ya koma gona, alhali babu wata doka da ta kore shi.

Abin da nake ganin shi ne daidai, a bar wa ɗan gari kasonsa gwargwadon buƙatarsa, a ƙidaya zama da hidima a matsayin shaidar zama ɗan gari, a ware wa baƙo mai hazaƙa kaso sananne wanda ba ya buƙatar sanin wani babba ko sayen takardar ƙarya, domin ƙa'idar da ke tilasta wa yaro ya fara neman ilmi da musun ubansa ta ɓata abin da aka gina makarantar dominsa. Masu rabon gurabe wakilai ne a kan abin da ba mallakarsu ba, kuma za a tambaye su wanda suka shigar da wanda suka mayar, da hujjar kowanne. Allah ya sa mu dace da abin da yake daidai.