Wa Yake Ɗauke da Wani?

Karatun yau: Ishaya 44:9-20, 46:1-7
Ayar haddacewa: Ishaya 46:4

A gabashin ƙasar Indiya, cikin jihar Odisha, akwai wani gari a bakin teku mai suna Puri. A can ne babban haikalin Jagannat yake, wanda aka gina tun ƙarni na 12, kuma har yau miliyoyin mabiya addinin Hindu suna zuwa ziyara kowace shekara. A yawancin haikalin Hindu, da dutse ko ƙarfe ake yin siffar da ake yi wa sujada, irin waɗanda wataƙila ka taɓa gani a finafinan Indiya an rataya musu furanni. Amma na Puri da icce ake sassaƙa su. Kuma ka san iccen sarai. Dogonyaro ne, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, wanda asalinsa daga can Indiya aka kawo mana shi a zamanin Turawa. Iccen da kake hutawa a inuwarsa, kake dafa ganyensa in zazzaɓi ya kama yaro, shi ne a can ake sassaƙawa a durƙusa a gabansa.

Siffofin guda huɗu ne: Jagannat, da wansa Balabhadra, da ƙanwarsu Subhadra, da kuma Sudarshana. Tun da icce ba ya dawwama, sai bayan shekara 8, ko 12, ko 19, bisa lissafin watanninsu, a sake sassaƙa sababbi. Sunan bikin Nabakalebara, wato “sabon jiki”. An yi shi a 1969, da 1977, da 1996, na bayan nan kuma a 2015.

Ba kowane dogonyaro ake sarewa ba. Wasu bayin haikali da ake kira Daitapati su ne ke fita nema. Sukan fara zuwa wani haikali a garin Kakatpur, su kwana suna jiran mafarkin da zai nuna musu inda za su dosa. Dole iccen ya kasance tsuntsu bai yi sheƙa a kansa ba, da suri a kusa da shi, da maciji a gindinsa, a jikin ɓawonsa kuma a ga wasu alamu da suka sani. In an same shi, sai a fara taɓa shi da gatarin zinariya, sannan na azurfa, kafin a sare shi da na ƙarfe. A ɗora gungumen a kan amalanken katako, mutane su ja da hannu har Puri. A cikin wani keɓaɓɓen wuri na haikalin, masassaƙa da suka gaji sana'ar kaka da kakanni su yi makonni suna aiki a ɓoye, ba mai leƙa su.

Idan an gama, a tsakar dare akan kashe fitilun garin. Wasu daga cikin Daitapati, an ɗaure musu idanu, an naɗe hannuwansu da ƙyalle, su ciro wani abu daga cikin tsohuwar siffar su sa a cikin sabuwar. Sun gaskata cewa wannan abin shi ne ran allahn. Daga nan a binne tsofaffin siffofin a harabar haikalin, su kuma su yi zaman makoki kamar yadda ake yi in wani na gida ya rasu.

Kafin ka girgiza kai, ɗan'uwa, ka lura da abu biyu. Na farko, sassaƙa ba zunubi ba ce. A Fitowa sura 31, Allah da kansa ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin zinariya da na duwatsu da sassaƙar itace. Ubangijinmu Yesu ma, a Markus 6:3, mutanen garinsu da sana'ar sassaƙa suka san shi. Gwanintar da ke hannun masassaƙin Puri, da ta mai gizagon da ya sassaƙa turmin gidanku, duk daga wurin Mahalicci ɗaya suka fito. Na biyu, waɗannan mutane ba wawaye ba ne. In ka tambayi mai ilimi a cikinsu zai ce maka ba iccen yake bauta wa ba, iccen mazauni ne kawai. Mutane ne masu ƙishin Allah, waɗanda Almasihu ya mutu dominsu kamar yadda ya mutu dominka. Sa'ad da Manzo Bulus ya ga birnin Atina cike da gumaka, ransa ya ɓaci ƙwarai, amma da ya buɗe baki bai zage su ba. Ya fara da shaida musu cewa ya ga himmarsu ta ibada, sannan ya nuna musu Allahn da ba ya zama a haikalin da hannu ya gina, ba ya kuma bukatar komai daga hannun mutum.

To, mene ne damuwar Annabi Ishaya? A sura 44 ya bi masassaƙi tun daga jeji. Mutumin ya zaɓi icce, wanda ruwan saman Allah ne ya rayar da shi. Ya auna, ya zana, ya sassaƙa. Wani ɓangaren ya hura wuta da shi, ya gasa nama, ya ji ɗumi. Ragowar kuma ya mai da shi abin da zai roƙa ceto. A sura 46 sai annabin ya nuna mana gumakan Babila, Bel da Nebo, an labta su a kan dabbobi, dabbobin sun gaji da nauyinsu, gumakan ma ba su iya kuɓutar da kansu daga bauta ba. Nan take Ubangiji ya juya ga jama'arsa ya tuna musu cewa tun daga cikin uwa shi ne yake ɗauke da su, kuma ba zai sauke su ba har su tsufa su yi furfura.

Bambancin ke nan. Akwai allahn da mutum yake ɗauka, akwai Allahn da yake ɗaukar mutum.

Ka sake duban Puri da wannan ido. Kowace shekara akan yi wa siffofin wanka da tulu 108 na ruwa. Bayan haka sai a ce sun kamu da zazzaɓi, a keɓe su har mako biyu ana yi musu magani, ana sabunta musu fenti. Sannan, a watan Yuni ko Yuli, a fito da su a ɗora kan manyan karusai uku da ake ƙerawa sababbi kowace shekara. Ta Jagannat tsayinta ya wuce mita 13, tana da ƙafafun katako 16. Dubban mutane su kama igiyoyi su ja ta tafiyar kusan kilomita uku. Mutum ne ya nemo iccen, mutum ya sassaƙa, mutum ya yi wanka da jinya, mutum ya ja, mutum ya binne. Dukan nauyin a wuyan mai bautar yake. Ka yi tunanin uwar da ɗanta yake kwance rai a hannun Allah, ta zo da kukanta gaban wanda shi ma sai an ɗauke shi. Wannan abin tausayi ne da addu'a.

Amma ba don Indiya kaɗai aka rubuta Ishaya 46 ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari mu sauko daga kan tudun mu duba gida.

Da yawa cikinmu, sa'ad da muka karɓi Yesu, mun ƙone layu da guraye, mun zubar da tukwanen tsafi, ikilisiya ta yi ta rawa da Halleluya. Madalla. Amma wasu hannunsu bai saba zama babu abin riƙewa ba. Yau kwalbar man zaitun ce ta koma wurin da laya take a dā. Akwai wanda ba zai shiga mota ba sai ya shafa, in ya manta da ita a gida sai gabansa ya yi ta faɗuwa har ya dawo. Akwai wadda ta sa hoton bawan Allah a ƙarƙashin matashin kai, tana kuma ɗaure wa jaririnta wani zare da aka yi wa addu'a. Akwai mai ajiye Littafi Mai Tsarki a buɗe kan Zabura 91 a bakin gado, ƙura ta rufe shafin, bai taɓa karanta shi ba. Akwai mai sayar da buhun masarar da iyalinsa za su ci don ya sayi ruwa ko hankici a wurin taro.

Ka fahimce ni da kyau. Yakubu 5:14 ya umarci dattawan ikilisiya su shafa wa marar lafiya mai da sunan Ubangiji, kuma muna yi. Amma aya ta gaba ta ce addu'ar bangaskiya ce ke kawo warkarwa, Ubangiji ne kuma yake tashe shi. Man alama ne. Ranar da tsoronka ya rataya a kan kwalbar, ta tashi daga alama ta zama gunki.

Wannan ya taɓa faruwa da Isra'ila. Allah ne ya umarci Musa ya yi macijin tagulla a jeji, waɗanda suka dube shi kuwa suka rayu. Bayan ɗaruruwan shekaru, a 2 Sarakuna 18:4, sai ga jama'a suna ƙona masa turare. Sarki Hezekiya ya farfashe shi, Littafi Mai Tsarki kuma ya yaba wa sarkin. A 1 Sama'ila sura 4, Isra'ilawa suka ɗauko Akwatin Alkawari zuwa fagen yaƙi, suna zaton akwatin ne zai cece su alhali ba su tuba ba. Aka ci su da yaƙi, Filistiyawa suka tafi da akwatin. Abu mai tsarki ma yakan zama gunki in mutum ya sa shi a wurin da Allah kaɗai ya cancanta.

Akwai kuma gumakan da ba a gani da ido. Kuɗin da kake tarawa har ka daina barci, muƙamin da kake yi wa hadaya da gaskiyarka, babban mutumin da kake ganin in babu shi ka halaka. Ga yadda za ka gane gunki ko da wace irin riga ya sa: kullum kai ne kake ciyar da shi, kai kake gadinsa, kai kake fargabar kada ya ɓace. Yana gajiyar da kai, a ranar wahala kuma ba ya amsawa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, Allahnmu bai jira mu sassaƙa masa jiki ba. Da ya so mu gan shi, ya aiko Ɗansa, wanda Kolosiyawa 1:15 ta shaida cewa shi ne kamannin Allahn da ido ba ya gani. Shi ma ya san nauyin icce, domin ya ɗauki gicciye a kafaɗarsa, zunubanka da nawa ne kuwa ya ɗauka a kai. An binne shi, amma ba a je jeji neman wani icce don a yi masa sabon jiki ba. A rana ta uku ya tashi, kuma ba zai ƙara mutuwa ba. Afisawa 2:10 ta ce mu ne aikin hannunsa. Shi ne Masassaƙin, kai ne iccen. In ka ji gizagonsa yana rage maka girman kai da fushi da son abin duniya, kada ka gudu, siffar Ɗansa yake fitarwa a cikinka.

Saboda haka ka sauke kayan. Ba kai ne za ka tsare Allah ba, shi ne mai tsaronka, ba ya gyangyaɗi, ba ya barci. Wanda ya ɗauke ka tun kana ciki bai gaji ba, ba kuwa zai ajiye ka a tsakiyar hanya ba.

Abin yi yau: Ka duba aljihunka, da motarka, da ɗakin kwananka. In akwai abin da rashinsa yake sa ka ji kamar Allah ya bar ka, ka ajiye shi, ka fita yau da sunan Yesu kaɗai.

Addu'a: Ya Uba na sama, na gode domin kai ne kake ɗauke da ni. Ka bincike zuciyata ta wurin Ruhunka Mai Tsarki, ka nuna mini duk abin da na sa a matsayinka, ka ba ni ƙarfin rabuwa da shi. Ka tuna da mutanen Puri da na dukan Indiya, da masassaƙan da ka ba gwanintar hannu, ka bayyana musu Ɗanka. Ka ƙarfafa 'yan'uwanmu masu bi da suke zaune a tsakaninsu. A cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.