Takardar da Aka Cire Daga Gilashi

Kafin Oktoban 2014, duk mai mota a nan Ingila sai ya manna wata 'yar zagayayyar takarda a gilashin gaba. In harajin motarka ya ƙare, maƙwabci ma yana gani. Yanzu an daina, sai kwamfutar DVLA da kyamarorin kan titi.

To ɗan'uwa, a da ɗin, kunya ce take sa ka biya ko amana?

Ni dai na kama kaina. Nawa ya ƙare, na yi kwana tara ina tuƙi zuwa aikin dare, ina ce wa raina ai wajen majinyata zan je. Alhali ba a sabuntawa sai mota ta ci gwajin MOT, ni kuwa na san tayoyina sun suɗe, kuɗin kuma na tura gida. Tarar fam 80 ba ita ta hana ni barci ba. Mai tsallaka titi da asuba bai san da uzurina ba, kuma na sha karɓar irinsa a gadon asibiti.

A rana ta goma na hau bas. Naka fa, yaushe zai ƙare?