Tafki Yana da Shekaru, Taurari Ma Haka

Yaron da aka haifa a Warra yakan buɗe ido ya ga tafkin Kainji shimfiɗe, ya ɗauka tun fil'azal yake nan. Alhali kakarsa ta girmi tafkin. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, kogin Kwara ya taru ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibiran Gungawa da dama, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Ranar da yaro ya ji wannan, ya sami darasinsa na farko a kimiyya: abin da ido ke gani yana da mafari, kuma ana iya bincikarsa.

Daga nan sai ya ɗaga kai sama: "Baba, taurari fa, shekarunsu nawa?" A nan yawancinmu muke kasawa. Mukan ce ya yi shiru, yawan tambaya ba kyau. Gaskiyar magana, tsoro biyu ke ranmu: kada amsar ta taɓa imaninsa, kada kuma ya gane ba mu sani ba.

Tsoro na farko ba shi da tushe. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar. Annabi da kansa ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar kowa. Mu da muka ga husufin 29 ga Maris 2006, lokacin da duhu ya rufe Gusau da Katsina da hantsi, mun ji labarin cewa masana sun faɗi ranar da sa'ar tun kafin ta zo. Lissafin ya cika daidai, aka kuma yi sallar husufi. Ɗayan bai kori ɗayan ba.

Tsoro na biyu girman kai ne. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san manhajar da ke ɓoye kuskurenta ta fi wadda ke bayyana shi haɗari. Uban da ya ce "ban sani ba, zo mu duba" ya koya wa ɗansa gaskiya. Wanda ya daka masa tsawa ya koya masa cewa tambaya laifi ce, kuma yaron da ya daina tambaya shi ne gobe zai gaskata duk jita-jitar da aka turo masa a WhatsApp.

Ba sai da na'urar hangen nesa ba. A daren sanyin hunturu, a bakin tafki, mu nuna masa Kaza da 'Ya'yanta da sunan da kakarsa ta san su. Sa'an nan mu ƙara: hasken da kake gani ya baro su kimanin shekara 440 da suka wuce, tun kafin a haifi Shehu Ɗanfodiyo. Hasken rana kuwa minti 8 yake yi a hanya. Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya a biliyan 13.8, ta hanyar auna yadda yake faɗaɗa.

Idan ya ce, "Yaya aka yi suka auna?" kada mu gajiya. Wannan ce tambayar da muke jira.