Hikimar Zuciya da Ranar Durƙushewarta

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ajiye a ƙirjin ɗan Adam wata tsoka da ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba, Ya ɗora mata hidimar da ba ta yankewa tun yana cikin mahaifa har ranar da ajali zai sauka. Tana bugawa kusan sau 100,000 a wuni da kwana, tana tura jini kimanin lita 5 kowane minti, mu kuwa muna ci, muna sha, muna barci, ba mu taɓa ba ta umarni ba, ba mu kuma cika tuna gode wa Mai ita ba.

Babban abin al'ajabi shi ne, zuciya ba ta ƙoshi da jinin da ya cika ɗakunanta. Tana da jijiyoyinta biyu da suka tsiro daga gindin babbar jijiya suka kewaye ta, kuma mafi yawan jinin da ke ciyar da ɗakinta na hagu yana shiga ne sa'ad da ta saki jiki, tsakanin bugu da bugu. Ibn Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, Allah Ya jiƙansa, ya riga ya bayyana cewa abincinta daga jijiyoyin da suka ratsa jikinta yake zuwa, saɓanin ra'ayin Ibn Sina. Ashe Mahalicci Ya sanya arzikinta a cikin ɗan sararawarta, kuma wanda ya riƙe wannan zai gane musibar da likitoci ke kira kadiyojenik shok, wato durƙushewar zuciya har ta kasa isar da jini ga gaɓoɓi.

Mafi yawan lokuta sababin shi ne gudan jini da ya toshe ɗaya daga waɗannan jijiyoyi a inda kitse ya daɗe yana taruwa. Tsokar da aka yanke wa abinci sai ta fara mutuwa, kuma idan ɓarnar ta kai kamar kashi 40 cikin 100 na ɗakin hagu, abin da ya rage ba ya iya ɗaukar nauyin jiki. Wani lokaci kumburin tsokar zuciya ne, ko yagewar ɗaya daga ƙofofinta, ko rikicewar bugu. Akwai kuma raunin zuciya na masu jego, wanda ƙasarmu ta san shi sosai: likitoci Davidson da Parry sun bayyana yawansa a Zariya a shekarun 1970, suka zargi kunun kanwa da wankan jego, kodayake binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya fi nuni ga rama, talauci da hawan jinin masu ciki.

Daga nan sai abin da ke sa mai tunani ya sunkuyar da kai. An halicci jiki da dabarun ceton kansa: idan ƙarfin jini ya faɗi, bugu ya ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Ga wanda ya yi rauni jini ya zuba, wannan rahama ce tsantsa. Amma ga zuciyar da ta durƙushe, saurin bugu yana gajarta sararawar da take ci a cikinta, tsukewar jijiyoyi tana ƙara mata nauyin turawa, ruwan da aka riƙe kuma ya koma ya taru a huhu. Kamar jakin da ya gaji a hawan tudu, aka ƙara masa kaya, aka bi shi da bulala. Rauni ya haifi ƙarancin jini, ƙarancin jini ya haifi sabon rauni.

Alamun a bayyane suke. Goshi ya jiƙe da gumi mai sanyi, tafin hannu da ƙafa su yi sanyi ƙalau, a danna farce ya yi fari ya ƙi komawa ja da wuri. Majinyaci ya kasa kwanciya sai a zaune yana haki, magana ta fara rikicewa, lambar sama ta awon jini ta sauka ƙasa da 90, ledar fitsarin da ke rataye a gefen gado ta shafe awa ba ta tara mililita 30 ba.

Magani, da izinin Allah, yana farawa da iskar oksijin da allurai irin su noradirenalin mai ɗaga ƙarfin jini da dobutamin mai ƙarfafa bugu, amma waɗannan jinkiri kawai suke nema wa majinyaci. Asalin aikin shi ne buɗe jijiyar da ta toshe, ta hanyar zura siririn bututu daga wuyan hannu ko matsematsi a kafa 'yar ragar ƙarfe, ko kuma a yi tiyata. Binciken da Dakta Judith Hochman ta jagoranta, wanda ya fito a 1999, ya nuna cewa bayan wata shida mace-mace sun tsaya a kashi 50 ga waɗanda aka gaggauta buɗe wa jijiya, alhali sun kai 63 ga sauran. Ilimi kuma yana koya wa ma'abotansa tawali'u: balan-balan ɗin da aka daɗe ana sakawa a babbar jijiya don tallafa wa zuciya, binciken Jamus na 2012 ya nuna bai rage mutuwa ba, sai a 2024 wani bincike na Danmak, Jamus da Ingila ya samu amfani ga ƙaramin famfon Impella, tare da haɗarin zubar jini. Duk da haka, har yau mutum 4 zuwa 5 cikin 10 ba sa tashi.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai karatu, idan ka ga wani ya dafe ƙirji yana gumi mai sanyi, ko mai jego tana haki ƙafafunta sun kumbura, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada kuma a kira mai kemis ya ɗaura ƙarin ruwa a gida, domin ruwan na iya cika huhu. A zaunar da majinyaci, a nufi babban asibiti nan take, ana tafe ana addu'a.