Wane Amfani Lambar Yabo Za Ta Yi wa Mamaci?

'Yan'uwa, akwai tambayar da takan taso duk sa'ad da aka ji cewa wata gwamnati ta ba tsohon soja lambar yabo bayan ya daɗe a kabari. Mutane sukan ce, to, me za ta amfana masa yanzu? Ba zai rataya ta a ƙirji ba, ba zai ji tafin da ake yi masa ba, ba kuwa za ta mayar masa da ƙarfin da ya bari a fagen fama ba. Tambayar ba ta wauta ba ce, ta cancanci a amsa ta a natse. Bari mu ɗauki labarin mutum ɗaya mu auna ta da shi.

Henry Johnson baƙar fata ne na Amurka, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa ta Albany a jihar Niyok. Ya shiga soja a 1917, a zamanin da rundunar Amurka take raba baƙi da farare, shi ya sa aka miƙa rundunarsu ta 369 ga Faransa, su yi yaƙi ƙarƙashin hafsoshinta. A daren 14 wayewar 15 ga Mayu 1918 yana gadi a dajin Argonne tare da abokinsa Needham Roberts, sai sojojin Jamus, aƙalla 12, suka far musu. Roberts ya ji mummunan rauni tun da farko. Johnson ya jefa gurneti har suka ƙare, bindigarsa ta cije, ya juya gindinta yana duka, daga nan ya zaro wuƙa mai kama da adda, ya ƙwato abokinsa daga hannun masu jansa. Da gari ya waye aka ƙirga raunuka 21 a jikinsa.

Faransa ba ta yi jinkiri ba, ta ba shi lambarta ta jarumta mai suna Croix de Guerre. A Fabrairu 1919 mutanen Niyok suka yi masa tafi yana tsaye cikin buɗaɗɗiyar mota. Amma ƙasarsa ba ta rubuta masa lambar jarumta ko ɗaya ba. Ya rasu a Washinton a 1929, bai kai shekara 40 ba. Sai a 1996 aka ba shi Purple Heart, lambar wanda ya ji rauni a yaƙi, sa'an nan a ranar 2 ga Yuni 2015 shugaba Barack Obama ya ba shi Medal of Honor, wadda babu ta sama da ita a sojan Amurka. Shekara 97 ke nan bayan wancan dare.

Kuskuren mai tambayar, a ganina, shi ne ya ɗauki lambar yabo kamar kyauta ce, wadda mai ita zai ba wanda ya ga dama, ya hana wanda ya ga dama. Da haka ne, lalle kyautar da ta iske mutum a kabari ta yi latti. Amma lambar soja shaida ce. Sa'ad da ƙasa ta rubuta ta cikin takardun mutum, tana cewa ne: mun gani, abin ya faru, wannan ne ya yi shi. Idan kuwa ta gani ta yi shiru, takardar da ta bari a ma'ajiya tana faɗa wa duk mai buɗe ta cewa babu abin da mutumin ya yi. Ba a rubuta ƙarya da tawada ba, amma gurbin da aka bari ya faɗe ta. Mun koya tun a ajin katekisim cewa wanda ya ɓata sunan wani, ko ya danne hakkinsa, baƙin cikin zuciya kaɗai bai ishe shi ba, sai ya gyara abin da ya ɓata gwargwadon iyawarsa. Ban ga dalilin da zai sa wannan doka ta hau kan mutum ɗaya ta sauka daga kan gwamnati ba. Ban kuma ga yadda mutuwar mai bin bashi take wanke wanda ake bi ba.

Masu karanta Littafin Esta za su tuna da daren da barci ya ƙaurace wa sarki, ya sa a karanta masa littafin tarihin mulkinsa, sai aka iske cewa Mordekai ya taɓa tona asirin masu shirin kashe shi, ba a kuwa yi masa kome ba. Abin lura a nan shi ne, da magatakarda bai rubuta ba, da sarki bai sami abin da zai gyara ba. Haka ya faru da Johnson. Cikin abubuwan da suka tsaya masa akwai rahoton da Janar John Pershing, babban kwamandan sojojin Amurka a Turai, ya aika gida a Mayu 1918 yana ba da labarin faɗan. Rahoton yana nan ajiye kusan shekara 100, ba a dai yi aiki da shi ba.

Ba kowane gyara ne yake kaiwa fadar shugaban ƙasa ba. Yawancinsu ƙanana ne, na mutanen da ba wanda ya san sunansu. Sojan Amurka idan ya bar aiki akan ba shi takardar sallama da ake kira DD-214, a ciki akan jera lambobin da ya samu. Akawu yakan manta, kwamanda yakan mutu kafin ya sa hannu, wani lokaci umarnin ba da lambar yakan iso bayan mutum ya tafi gida. Saboda haka kowane sashe na sojan yana da kwamitin gyara takardu, inda tsohon soja, ko matarsa ko 'ya'yansa bayan rasuwarsa, za su kai kuka da hujjojinsu. Neman hujjar ba sauƙi gare shi ba, gama a ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun soja ta St. Louis, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18. Iyalai da yawa sai da suka koma ga wasiƙu, da takardun asibiti, da shaidar abokan yaƙi da suka rage. Kada kuma a ce girma ne kawai ake nema, domin mai Purple Heart yana da fifiko a asibitocin tsofaffin sojoji. Layi ɗaya da ya ɓace a takarda yana iya zama dogon jira a bakin ƙofar likita.

Amma fa gaskiya takobi ce mai kaifi biyu. Idan muka ce takarda shaida ce, to, ba za mu yarda a cusa mata abin da bai faru ba don tausayi, ko don 'ya'ya suna so su ji mahaifinsu jarumi ne. A 1917 wani kwamiti ya soke sunaye 911 daga jerin masu Medal of Honor, 864 daga cikinsu na runduna ɗaya ce da aka ba lambar a yaƙin basasarsu ba don wani faɗa ba. Wannan ma gyara ne. Mai gyaran shi ma yana iya kuskure, gama cikin sunayen da aka soke akwai na likita Mary Walker, wadda ta ƙi mayar da lambarta har ta rasu, sai a 1977 aka maido mata da ita. Shi ya sa ban ga laifin kwamitin da ya nace sai an kawo hujja ba. Laifin yana kan wanda hujja take hannunsa ya kau da kai saboda launin fata ko addinin mai hakki.

Dole kuma a yarda cewa biyan da ya yi latti bai cika ba. Baƙaƙen fata fiye da miliyan 1 suka yi wa Amurka aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ba ko ɗaya da ya sami Medal of Honor sai a ranar 13 ga Janairu 1997, da aka ba mutum 7. A cikinsu Vernon Baker kaɗai ne yake da rai, yana da shekara 77. Sauran 6 sun tafi ba su ji ba. Gwamnatin da ta gyara takarda bayan shekara 50 ba ta da abin fahariya, ta dai daina ci gaba da laifi ne. Duk da haka dainawar tana da daraja, domin 'ya'ya da jikoki da ɗalibai daga takardar za su karanta.

Mu ma zancen bai yi mana nisa ba. A majami'unmu akwai jikokin waɗanda suka tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka da 'yan Masar, ba a rubuta sunayensu a kan dutse ba kamar na Turawa. Wanda yake da littafin sallamar kakansa a ƙasan akwati, ya fito da shi ya duba kafin gara ta riga shi.

A ranar da aka ba Henry Johnson lambarsa, ba a sami wani ɗan'uwansa na jini da zai karɓa ba. Wani babban saje na dakarun jihar Niyok, Louis Wilson, shi ya tsaya a madadinsa, aka karanta a gaban jama'a abin da ya faru a dajin Argonne, da sunansa, da sunan Needham Roberts.