"Lafiya Lau" Daga Ƙasar Waje: Me Iyaye Ke Da Haƙƙin Sani?



Akwai tambayar da ke yawan zuwa mini daga matasan da suka samu damar fita aikin sa-kai a ƙasashen waje: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, da masu bin ƙungiyoyin agaji ana haƙa rijiyoyi a ƙauyuka. Lafazin kan bambanta, amma cikinta ɗaya ne. Malam, in na isa na tarar da wahala, in faɗa wa Umma ko in ce mata lafiya lau? In na ɓoye, na yi ƙarya? In na faɗa kuma hankalinta ya tashi, ba na cutar da ita ba?

Wannan fita ba sabon abu ba ce a wurinmu. Tun 1987, zamanin Janar Babangida, Najeriya ta kafa shirin TAC, wanda ke tura ƙwararru aikin sa-kai na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka irin su Gambiya, Uganda da Saliyo, har da tsibiran Karibiyan da na tekun Fasifik. A watan Disambar 2014 kuma, lokacin da Ebola ke cin rayuka a Gini, Laberiya da Saliyo, ma'aikatan lafiya 'yan Najeriya fiye da ɗari suka tashi ƙarƙashin Tarayyar Afirka don kai ɗauki. Cutar nan ta kashe mutum sama da 11,000 kafin a shawo kanta, kuma mu kanmu a nan ta ɗauke mana likita Stella Adadevoh a Legas. To ka ɗauka ɗaya daga cikin waɗancan matasa ƙaninka ne, ya riƙe waya a daren farko zai kira gida. Me zai ce?

Mu fara da "lafiya lau" ɗin kanta. Bahaushe ko a gadon asibiti yake, ka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi. Babu wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya, domin mai tambaya da mai amsa duk sun san gaisuwa ce da godiya ga Allah, ba rahoton likita ba. Don haka yaron da sauro ya hana shi barci, abincin garin ya ƙi karɓarsa, kewar gida ta dame shi, ya ce wa mahaifiyarsa lafiya lau, ni ban ga laifinsa ba. Hasali ma ina ganin ladabi ne. Uwar da ke nesa ba ta da abin da za ta yi wa sauron Firitawun face ta kwana tana juyi. Mu da muka yi karatu a waje mun san wannan sarai. Kowa na da ranar da ya kira gida yana dariya alhali aljihunsa babu ko sisi.

Inda maganar take canzawa shi ne wajen haɗari. Aikin sa-kai alheri ne babba, amma a mafi yawan lokuta farilla ce ta kifaya ko nafila, wato in wani ya yi ya ɗauke wa saura. Kyautata wa iyaye kuwa a wuyanka take kai kaɗai, babu ƙungiyar da za ta aiko wani ya yi maka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr cewa wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya amsa da eh sai ya mayar da shi gare su, ya nuna masa cewa jihadinsa yana wajen hidimarsu. Daga nan malaman fiƙihu suka rarrabe tsakanin tafiyar da aminci ya rinjaya a cikinta, kamar fatauci ko neman ilimi, da tafiyar da ake jin tsoron halaka a cikinta. Ta biyun ce suka fi tsanantawa a kan neman yardar iyaye.

Ka ga ke nan girman haɗarin shi ne ginshiƙin hukuncin. Wanda ya ce wa mahaifinsa aikin ofis za shi a babban birni, alhali ya san sansanin masu cutar annoba za a kai shi, ko yankin da ake harbe-harbe, sannan ya dawo yana cewa ai Baba ya sa mini albarka, ina tambayarsa: albarkar wace tafiya? Baba ya yarda da tafiyar da ka zana masa ne, wadda kake yi kuwa bai ma san da ita ba. Haka in kana can aka ɗauke ka daga inda aka sani zuwa wuri mai haɗari, ko ciwo mai tsanani ya kama ka, ko ka ci bashi mai nauyi, ko ka fara maganar aure. Waɗannan ba sa shiga ƙarƙashin "lafiya lau".

Na san abin da za a ce, kuma hujja ce mai ƙarfi. Malam, Hajiyarmu tana da hawan jini, in ta ji wallahi sai an kwantar da ita. Gaskiya ne, akwai iyayen da labari ɗaya kan kayar da su. Masu wannan uzuri sukan kawo ƙissar Ummu Sulaim, wadda ɗanta ya rasu mijinta Abu Ɗalha ba ya gida, da ya dawo ya tambayi jikin yaro sai ta ba shi amsa mai fuska biyu, cewa ya fi kowane lokaci natsuwa. Amma a karanta ƙissar har ƙarshe. Ba ta furta ƙarya ba, kuma ba ta bar shi cikin duhu ba. Ta jira ya ci abinci ya huta, sannan ta sanar da shi da kanta, cikin hikima. Jinkiri ta yi don ta zaɓi lokaci. Wanda ya ɗauki wata shida yana ɓoyewa, har sai mahaifiyarsa ta ji a bakin maƙwabciya wadda ta gani a Facebook, ba shi da rabo a wannan ƙissa. Kuma faɗuwar da yake gudar mata, ai ta wannan hanyar ta fi muni, don ta haɗa tsoro da jin cewa ɗanta ya mayar da ita bare.

Abin da nake ba matasa shawara shi ne, kafin jirgi ya tashi a samu mutum ɗaya a gida wanda ya san komai: Baba in yana da ƙarfin zuciya, ko Yaya, ko Kawu. A ba shi sunan garin, lambar jami'in ƙungiyar, da abin da aka ce a yi in wani abu ya faru. A rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi, wannan ma sunna ce da muke wasa da ita. Shi wannan mutumin ya san yaushe kuma ta yaya za a shigar wa Hajiya da magana, don yana ganin fuskarta, kai ba ka gani.

Sannan shiru shi ma nau'in labari ne, kuma yawanci mummuna. Annabi Yaƙub (AS) bai ga gawar ɗansa ba, rashin sanin halin da yake ciki ya zauna da shi shekaru har idanunsa suka yi fari don baƙin ciki. Yau saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp ya isa ya sa tsohuwa ta yi barci. In za a shiga daji inda babu sabis, faɗa tun kafin a shiga: Umma, kwana goma ba za ki ji ni ba, kada ki damu. Abin da ke ba ni haushi shi ne yaron da ke da datar ɗora hoto ashirin yana rungume da 'ya'yan talakawan wata ƙasa, waɗanda ko izinin iyayensu bai nema ba, amma kiran mahaifiyarsa uku yana nan bai mayar ba.

Iyaye kuma, don Allah a taimaki yaran su iya faɗar gaskiya. In duk lokacin da ya ce zazzaɓi ya taɓa shi za a fashe da kuka a ce ya haɗo kayansa ya dawo, to gobe ba zai faɗa ba. In abin da ya gaya wa Umma a asirce za a wayi gari yana yawo a guruf ɗin dangi, har Gwaggo ta Kaduna tana kiransa da jaje, nan ma ya rufe baki. A kuma tuna akwai bambancin lokaci da dokar wurin aiki. Ma'aikacin jinya da ke cikin rigar kariya a ɗakin masu annoba ba ya taɓa waya sai ya fito an yi masa feshi. A yanke rana da shi tun yana gida, a ce kowace Juma'a bayan La'asar, in ranar ta wuce ba a ji shi ba sai a kira lambar jami'in da ya bari wajen Kawu.